Tsutsa ba ɗaya ba ce: darasi a kan rabe-raben ƙananan tsutsotsi masu gaɓoɓi da sunayensu

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya: me ya kawo tsutsa a mujallar ɗaliban kimiyyar harshe? Amsar tana ga kalmar rabewa. Masanin halittu da masanin harsuna aiki iri ɗaya suke yi ta wannan fuska. Kowannensu yana tarar da abubuwa masu yawa, masu kama da juna, sai ya nemi sanin waɗanda suka fito daga tsatso ɗaya da waɗanda kamanni kawai ya haɗa su, sa'annan ya ba kowane rukuni suna. Wannan darasi zai ɗauki ƙananan tsutsotsi masu gaɓoɓi, waɗanda ke zaune cikin laka da danshin ƙasa, ya bi yadda aka rarraba su, da ma'aunan da aka yi amfani da su, da dokokin da ke tafiyar da sunayensu.

Akwai kuma dalili na biyu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 hukuma ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Duk wanda aka ɗora wa rubuta littafin kimiyyar halittu da Hausa zai ci karo da wannan matsala tun a shafukan farko: Faransanci ya ce ver, Hausa ta ce tsutsa, alhali abubuwan da ke ƙarƙashin kalmomin biyu ba dangin juna ba ne. Idan mai fassara bai gane haka ba, yaron firamare ne zai gaji kuskuren.

Abin da Bahaushe ya raba da abin da ya haɗa

Kalmar tsutsa faffaɗa ce. Tana ɗaukar abin da ke fitowa a ruɓaɓɓen nama, da wadda ke cin zangarniyar hatsi, da wadda ke cikin hanjin yaro. A gefenta kuma akwai sunaye na musamman: tana, wadda ke fitowa da damina, masunta su sa ta a ƙugiya, matsattsaku, mai shan jini a bakin tabki, kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoma daidai lokacin noma kafin hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Nijar a 2013, tsila, mai zama a hanji, gwazarma, wadda ake tonowa a juji.

Wannan jeri yana da tsari. Harshe ya ware suna ga abin da ke cutarwa, ko ke da amfani, ko ke da girman da ido zai kama. Sauran kuwa an zuba su cikin kwando ɗaya. Masu nazarin yadda al'ummomi ke rarraba halittu, irin su Brent Berlin da Cecil Brown, sun nuna cewa harsuna da dama suna da irin wannan kalma ta tattara ƙananan halittun da suka rage. Tsutsotsin da muke magana a kansu suna cikin wannan ragowa. Da yawansu ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, ba sa cizo, ba a cin su, don haka ba su sami sunan kansu ba.

A ma'aunin masana halittu, daga cikin sunayen da muka lissafa, tana da matsattsaku ne kaɗai ƴan gida ɗaya. Gwazarma da tsutsar nama ƴaƴan ƙwari ne da ba su gama rikiɗa ba. Kurkunu yana cikin tsutsotsi mulmulallu marasa gaɓa. Tsila tana da sassa jere kamar gaɓoɓi, amma tana cikin tsutsotsi masu faɗin jiki, kuma sassan nata ba irin na tana ba ne.

Daga kwandon Linné zuwa Annelida

Kada a ɗauka cewa kimiyya ta fara da tsabtataccen tsari. A bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, wanda ya fito a 1758, masanin ƙasar Suwidin Carl von Linné ya kasa dabbobi aji 6: masu shayarwa, tsuntsaye, masu jan ciki da kwaɗi, kifaye, ƙwari, sai kuma Vermes, wato tsutsotsi a harshen Latin. Cikin Vermes ya zuba tana da matsattsaku da kurkunu da dodon koɗi da wasu halittun teku masu yawa. Kwandonsa ma ya fi na Bahaushe faɗi.

A farkon ƙarni na 19 Bafaranshe Jean-Baptiste Lamarck ya ware masu jiki zobe-zobe ya kira su Annélides, daga kalmar Latin anellus, ƙaramin zobe. Daga nan sunan Annelida ya fito. A yau an san ire-irensu kimanin 20,000, mafi yawa a teku. Siffar da ta haɗa su ita ce jiki mai gaɓoɓi kamar karan rake, kowace gaɓa da ɗakinta a ciki, da kullin jijiya, da bututun fitar da ƙazanta. Abin lura ga ɗalibin harshe, kalmar gaɓa da muke amfani da ita wajen yanka kalma ita ce ta dace a nan ma.

A 1850 Bajamushe Adolph Eduard Grube ya raba su ta yawan gashin da ke jikin gaɓoɓi: Polychaeta, masu gashi da yawa, galibi na teku, da Oligochaeta, masu gashi kaɗan, na ƙasa da ruwan daɗi. Édouard Claparède na Suwizilan ya kasa Oligochaeta ta wurin zama: mazauna ƙasa da mazauna laka. A 1890 Baturen Ingila William Benham ya kasa su ta girma: Megadrili, manya, su ne dangin tana, da Microdrili, ƙanana, su ne abin nazarinmu. A 1919 kuma Wilhelm Michaelsen na birnin Hambur ya haɗa Oligochaeta da matsattsaku ƙarƙashin suna Clitellata, saboda wata ɗamara mai kauri da ke bayyana a jikinsu idan sun balaga. Ɗamarar ce ke fitar da kwanson da ƙwai ke kwanciya a ciki. Sunanta clitellum, daga kalmar Latin mai nufin akumarin jaki.

A lura da ma'aunan: yawan gashi, wurin zama, girma, sai ɗamara. Uku na farko suna da sauƙin gani. Na huɗu ne ya jure wa bincike, kuma za mu ga dalili a gaba.

Yadda ake gane ƙaramar tsutsa

Mai bincike yana ɗebo laka daga gefen gulbi ko tabki, ya tace ta da rariya mai ƙananan idanu, ya ɗora abin da ya samu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato mikroskop. Daga nan sai ya duba abubuwa uku.

Na farko, ƙidayar gaɓoɓi. Ana ƙirgawa daga kai, ana rubutawa da lambobin Rumawa. Gaɓa ta I, wadda baki yake a jikinta, ba ta da gashi. Daga ta II gashi yake farawa, yawanci tuntu huɗu a kowace gaɓa, biyu ta sama, biyu ta ƙasa.

Na biyu, siffar gashin. Akwai dogo siriri, akwai gajere mai tsini ɗaya, akwai mai baki biyu kamar gwafa, akwai kuma mai ƙananan haƙora tsakanin bakunan biyu kamar matsefi. Yawan gashi a tuntu da tsawon haƙorin sama kan na ƙasa suna raba iri da iri.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, wurin da kayan haihuwa suke. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tsutsotsi tana ɗauke da na namiji da na mace duka, kuma lambar gaɓar da suke zaune ba ta cika sauyawa a cikin dangi ba. Wannan ya sa tsutsar da ba ta balaga ba sau da yawa ba a iya kai ta ga sunanta na ƙarshe. Haka kuma ɗamarar ƙananan tsutsotsi shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyin fata, ta tana kuwa shimfiɗu ne da yawa.

Manyan dangogi

Dangin Enchytraeidae farare ne, tsawonsu daga milimita 1 zuwa kimanin 30, an san ire-irensu wajen 700. Gashinsu mai tsini ɗaya ne, kafar namiji tana gaɓa ta XII, jakar ajiyar maniyyi kuma tana can gaba a ta V. Suna cin ruɓaɓɓen ganye, suna mai da shi taki. A dazuzzukan arewacin Turai akan sami dubun dubatarsu a murabba'in mita guda. Da yake ta fata suke numfashi, dole jikinsu ya zauna da laima, don haka a ƙasa irin tamu fadama da garka da ƙarƙashin tulin taki ne wuraren nemansu. Jakob Henle, likitan nan da wani bututun ƙoda ke ɗauke da sunansa, shi ya raɗa sunan Enchytraeus a 1837, daga Girkanci en, ciki, da chytra, tukunya, domin a tukwanen furanni ake yawan ganinsu. Wani ɗan dangin, Mesenchytraeus solifugus, cikin ƙanƙarar duwatsun Alaska yake rayuwa.

Dangin Naididae na ruwa ne, ire-irensu sun kai 1000. Suna da manyan fuskoki biyu. Fuska ta farko ita ce ta Tubifex da ƴan uwanta: jajaye, suna cusa kai cikin laka su bar wutsiya tana kaɗawa a ruwa. Jan launin na sinadarin jini ne mai kama iska, shi ya sa suke jure wa ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Inda aka ga sun yi cincirindo sauran halittu sun ɓace, alama ce ruwan ya sha ƙazanta. Kafar namiji a wurinsu yawanci tana gaɓa ta XI. Fuska ta biyu ita ce ta Nais da Stylaria da Dero da Chaetogaster: ƙanana ƙwarai, masu shara-sharan jiki, suna yawo cikin ciyawar ruwa, wasu har da idanu. Kayan haihuwarsu sun matso gaba, wajen gaɓa ta V da ta VI, amma sun fi yaɗuwa ta hanyar tsirar da sabon kai a tsakiyar jiki, su tsinke su zama biyu. Ɗaya daga cikinsu, Chaetogaster limnaei, a jikin dodon koɗin ruwa yake zama, yana haɗiye ƙananan halittu, har da ƴaƴan tsutsotsi masu faɗin jiki da ke neman shiga dodon koɗi. Tun da ta wannan hanya ce cutar tsargiya ke yaɗuwa, masana sun sa masa ido.

Dangin Lumbriculidae sun ɗan fi girma, suna zaune a ruwan sanyi na arewacin duniya. Akwai kuma Aeolosoma, ƴan mitsi-mitsi masu ɗigon launi a fata, waɗanda aka daɗe ana lissafawa cikin Oligochaeta, daga baya aka fitar da su domin ba su da ɗamara ta gaskiya.

Suna a matsayin ƙaramin harshe

Sunayen kimiyya suna da nahawunsu, kuma a rubuce yake. Kundin dokokin raɗa wa dabbobi suna, wanda bugunsa na 4 ya fito a 1999 ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2000, an rubuta shi da Faransanci da Ingilishi, kowanne da ƙarfin doka daidai da ɗaya. Ga kaɗan daga cikin abubuwan da ɗalibin ƙirar kalma zai so.

Sunan iri kalmomi biyu ne. Ta farko sunan gida ce, da babban baƙi. Ta biyu tana fayyace wane ne a gidan, da ƙaramin baƙi. Bahaushe ya san wannan gini a harɗaɗɗun sunaye kamar raƙumin dawa da giwan ruwa. Bambancin shi ne harɗaɗɗen sunan Hausa ba ya alkawarin dangantaka: raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, giwan ruwa kuma kifi ne. A sunan kimiyya, kalmar farko da'awa ce cewa duk masu ɗauke da ita ƴan tsatso ɗaya ne.

Matsayi yana fitowa a ɗafa-ƙeya. Ana ɗaukar saiwar sunan wani gida a liƙa mata -idae don a sami sunan dangi, ko -inae don ƙaramin dangi. Saiwar kuwa daga siffar mallaka ake ciro ta, shi ya sa Nais ta ba da Naid-idae, Tubifex ta ba da Tubific-idae. Ita Nais sunan aljanun ruwa ne a tatsuniyoyin Girkawa. Tubifex na nufin mai yin bututu, gini irin na maƙeri da magini a Hausa. Lumbriculus ƙaramin Lumbricus ne, kamar a ce ɗan tana. Achaeta, wani gida a Enchytraeidae, na nufin maras gashi. Limnodrilus tanar tabki ce, solifugus kuma mai gudun rana.

Akwai jituwar jinsi. Idan kalma ta biyu sifa ce, dole ta bi jinsin ta farko, kamar yadda muke cewa farin doki da farar goɗiya. Tanar da ake kiwo don yin taki, Savigny ya kira ta Enterion fetidum a 1826. Da aka mai da ita gidan Eisenia, wanda sunansa na mace ne, sai sifar ta koma fetida. Wasu marubuta sun yi ta rubuta foetida suna ganin ya fi zama Latin ingantacce, amma doka ta tsaya ga rubutun asali. Idan kuma don girmama wani aka raɗa sunan, ana sa ɗafin mallaka: -i ga namiji, kamar Limnodrilus hoffmeisteri, -ae ga mace, kamar Eudrilus eugeniae, babbar tanar Afirka ta Yamma wadda aka sa wa sunan wani jirgin ruwan Suwidin mai suna Eugenie.

Har baka biyu tana da ma'ana. Idan aka rubuta Tubifex tubifex (Müller, 1774), bakar tana sanar da cewa Otto Friedrich Müller na Danmak a wani gida ya fara ajiye wannan iri, wato Lumbricus, daga baya aka sauya masa gida. Ninka kalma ɗaya sau biyu kamar haka halal ne a sunan dabba, amma dokar sunayen tsirrai ta hana shi.

Shari'ar sunaye biyu

Babbar doka a kundin ita ce ta rigaye: idan rukuni ɗaya ya sami sunaye biyu, wanda aka fara bugawa shi ne mai aiki, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun 1758. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

Fiye da shekara 100 ana ɗaukar fuskoki biyun da muka ambata a matsayin dangogi biyu: Naididae, sunan da Ehrenberg ya raɗa a 1828, da Tubificidae, na Vejdovský a 1876. Da aka fara kwatanta ƙwayoyin gadonsu, wato ADN, sai ta bayyana cewa su Nais reshe ne da ya tsiro daga tsakiyar su Tubifex, ya koma yawo cikin ciyawa da tsinkewa biyu. A 2002 Christer Erséus da Lena Gustavsson na Suwidin suka ba da shawarar a haɗe dangogin. To, wane suna za a riƙe? Tubificidae ya fi yawan ire-ire, ya kuma fi shahara a rubuce-rubucen masu auna tsabtar ruwa. Aka kai ƙara gaban kwamitin duniya mai kula da sunayen dabbobi, wanda aka kafa tun 1895, aka roƙi a fifita shi. A 2007, cikin hukunci mai lamba 2167, kwamitin ya ƙi. Naididae ya girme shi da shekara 48, don haka shi ya zama sunan dangin duka. Su Tubifex suka koma ƙaramin dangi mai suna Tubificinae.

Ga abin nazari ga mai sha'awar tsara harshe. A harshen yau da kullum yawan masu faɗa ne ke tabbatar da kalma. A wannan ƙaramin harshe kuwa ranar bugu ce, domin ana son masanin Yamai da na Tokiyo su faɗi suna ɗaya su nufi abu ɗaya. Kowane suna kuma a ɗaure yake da wani samfuri da aka ajiye a gidan adana halittu, wanda za a koma gare shi idan gardama ta tashi.

Kama da wane ba ta wane

Me ya sa ɗamara ta jure, girma da wurin zama suka faɗi? A 1950 Bajamushe Willi Hennig, masanin ƙudaje, ya shimfiɗa ƙa'idar: ba kowace kama ce ke nuna dangantaka ta kusa ba, sai sabuwar siffar da kaka ɗaya ya ƙirƙiro ya gadar wa zuriyarsa. Tsohuwar siffar da kowa ya gada tun fil azal ba ta raba kowa da kowa. Masana tarihin harsuna sun riga shi: tun 1876 August Leskien ya nuna cewa sabon sauyin da harsuna suka yi tarayya a kansa shi ne hujjar sa su a reshe ɗaya.

Ɗamara da kwanson ƙwai sabon abu ne da kakan Clitellata ya zo da shi, don haka rukunin sahihi ne. Ƙanƙanta kuwa tsohon hali ne. Saboda haka Microdrili ba zuriya ɗaya ba ce. Suna ne na sauƙaƙa magana, kamar dai tsutsa a Hausa. Shi ma Oligochaeta ya sami tangarɗa, domin bincike ya nuna matsattsaku daga cikinsu ya fito, kuma Lumbriculidae sun fi kusa da shi a kan tana. Ya zubar da gashi, ya yi abin tsotsa gaba da baya, shi ya sa aka ware shi. Cire shi daga gidan kamar a lissafa ƴaƴan Latin ne, Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugisanci, a bar Faransanci waje don lafazinsa ya yi nisa.

Gaɓoɓin kansu ma sun yaudari masana. Georges Cuvier ya haɗa tana da ƙwari a rukuni ɗaya saboda dukkansu masu gaɓoɓi ne, aka tafi a kan haka kusan ƙarni biyu. Nazarin ƙwayoyin gado na 1995 da 1997 ya rushe wannan. Tana ta fi kusa da dodon koɗi a kan shanshani, kurkunu kuma ya fi kusa da fara a kan tana, domin shi da fara duk masu saɓa ne.

Mun san irin wannan labari a gidanmu. A 1912 Carl Meinhof ya tara Hausa da Fulatanci da Masai da Nama cikin rukunin da ya kira na Hamawa, yana dogaro da siffofi irin su jinsin namiji da mace a nahawu. Joseph Greenberg, a rubuce-rubucensa da suka kammala a littafin 1963, ya warware wannan ƙulli: Hausa tana cikin harsunan Cadi na babban dangin Afro-Asiya, sauran ukun kowanne da nasa dangi dabam.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wato abu biyu masu fuska ɗaya. A rubutun boko, tana ta cikin ƙasa da tana ta cikin jimlar “tana zuwa” baƙaƙe da wasula ɗaya ne, kamar gari na zama da gari na tuwo. Sai kunne ya ji tsawon wasali da karin sauti kafin a raba su. Haka wasu tsutsotsi suke: a mikroskop ba su da bambanci, a ƙwayoyin gado kuwa ire-ire ne dabam. Tun 2003, lokacin da Paul Hebert na Kanada ya ba da shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki na ADN mai haruffa kimanin 650 don tantance dabbobi, irin waɗannan ɓoyayyun ire-ire suke ta fitowa. Tubifex tubifex na cikinsu: zuriyoyi ne da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Abin ya wuce gardamar masana, domin wannan tsutsa ce ke ɗaukar Myxobolus cerebralis, ƙwayar cutar da ke sa ƴaƴan wasu kifayen ruwan sanyi juwa har su mutu a Amurka da Turai, kuma wasu zuriyoyin suna yaɗa ta, wasu ba sa yi. Haka nan ana amfani da Enchytraeus albidus da Enchytraeus crypticus wajen gwada dafin magungunan ƙwari a cikin ƙasa. Idan ɗakunan bincike biyu suka kira tsutsotsi dabam da suna ɗaya, sakamakonsu ba zai kwatantu ba.

Shawara ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi

Daga abin da ya gabata, ga shawarwari huɗu da wannan darasi ke gabatarwa don a tattauna.

Na ɗaya, kada a fassara sunan kimiyya, kada kuma a sauya rubutunsa. A bar Tubifex yadda yake, a yi bayanin ma'anarsa da Hausa a gefe.

Na biyu, a guji kalmar jinsi wajen matakan rabewa. Ta riga ta ɗauki nauyin namiji da mace a nahawu da kuma a halitta. Idan aka ƙara mata na uku, jimla kamar “jinsin wannan jinsi” za ta fito. Ana iya gwada wannan tsani daga sama zuwa ƙasa: daula, kaso, aji, rukuni, dangi, gida, iri. Da shi za a ce: daular dabbobi, kason Annelida, ajin Clitellata, dangin Naididae, gidan Tubifex.

Na uku, a bar tsutsa a matsayinta na kalmar siffa, a riƙa ƙara mata bayani: tsutsa mai gaɓoɓi, tsutsa mulmulalliya, tsutsa mai faɗin jiki, tsutsar ƙwaro. Ga Clitellata, “masu ɗamara” ya fi “masu akumari” daɗin faɗa, ko da yake na biyun ne fassarar asali.

Na huɗu, kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma a tambayi masu sana'a. Masuncin Madarunfa ko na Tabalak, da mai garka a Gidimuni, suna taɓa laka kullum, kuma ƙamus ba ya ƙare abin da ke bakin mutane.

Kammalawa

Mun ga cewa an rarraba ƙananan tsutsotsi masu gaɓoɓi ta gashi, ta mazauni, ta girma, ta wurin kayan haihuwa, daga ƙarshe ta ƙwayoyin gado, kuma rukunin da ya tsaya shi ne wanda aka gina a kan sabuwar siffar da aka gada daga kaka ɗaya. Mun ga kuma cewa sunayensu suna bin dokar ɗafi da jinsi da rigaye. Rabewar Bahaushe tana amsa tambayar manomi da masunci: me zai cuce ni, me zai amfane ni? Ta masana tana amsa tambayar asali. Littafin makaranta nagari zai koya wa yaro duka biyun, ya nuna masa inda suka haɗu da inda suka rabu.

Aikin nazari

1. A tattaro daga bakin mutum 10 na karin harshenku duk sunayen da suke ba halittu masu jan ciki marasa ƙafa. A rubuta su da tsawon wasali da karin sauti, a nuna waɗanda mai magana ya yarda a kira su tsutsa da waɗanda ya ƙi.

2. A fayyace saiwa da ɗafi a waɗannan sunaye: Enchytraeidae, Tubificinae, Chaetogaster, Megadrili.

3. A kawo misali ɗaya na sabon sauyin sauti da ya haɗa wasu kare-karen Hausa, da misali ɗaya na tsohuwar siffa da suka riƙe. Wanne ne ya isa hujjar sa su a reshe ɗaya, kuma don me?